Yadda Za Ka Ɗora wa Injin Motarka Turbo a Gida da Kuɗi Kaɗan

Tambayar ta yi yawa, daga Ƙofar Ƙaura, daga Ƙofar Marusa a birnin Katsina, har daga Daura da Mai'aduwa: mutum yana da tsohuwar Civic, yana so ya ɗora mata turbo a gida, aljihunsa kuma ba nauyi, ta ina zai fara? Ga amsar a jere. Zan yi misali da injin Honda D16 mai 1.6, wanda ke cikin Civic ta 1992 zuwa 2000, domin an daɗe ana yi masa wannan aiki kuma kayansa ba su da wuyar samu. Mai Corolla ko Golf 3 zai iya bin tsarin, amma lambobin da zan kawo na Honda ne.

Ka riƙe abu guda kafin ka ɗauki sifana. Turbo, wanda hayaƙin inji ke juyawa, iska kawai yake turawa cikin inji. Abin da ke hana inji bugawa shi ne isasshen fetur da taimin daidai, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kuma gidan mai ba ya sayar da fetur sai iri ɗaya, nan ne ya kamata kuɗinka su fi tafiya. Matsin iskar da za mu nema psi 5 zuwa 7 ne (psi shi ne ma'aunin matsi, irin na iskar taya). Wannan ya isa ya ɗaga injin mai doki 125 zuwa wajen 170, kuma za ka ji bambancin tun daga giya ta biyu.

1. Auna lafiyar injin

Duba lambar injin tukuna. Tana gaban bulo, kusa da inda ya haɗu da giyabos. Civic da yawa 'yan Beljiyam D14 ko D15 ne a cikinsu, ba D16 ba, kuma gara ka sani tun yanzu.

Ɗumama motar, cire fulogi huɗun, cire fis ɗin famfon mai, taka totur har ƙasa, sannan ka auna matsin kowace silinda. Littafin Honda ya ce lafiyayyen inji yana ba da wajen psi 184, mafi ƙaranci 135. Ni dai ba na ɗora turbo a kan injin da ya gaza 160, ko wanda silinda ɗaya ta bambanta da 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Auna ƙarfin baƙin mai kuma da geji na gaske: aƙalla psi 10 a silo, 50 a juyi 3,000.

Gargaɗi: idan motar tana hayaƙi shuɗi, ko tana shan ruwa, ko tana ɗaukar zafi a go-silo na Kasuwar Tsakiya, turbo ba zai warkar da ita ba. Ƙarasa ta zai yi. Tsallaka zuwa mataki na 4.

2. Lissafin kuɗi da kayan aiki

Farashin naira ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka kayan da ake odarsu daga waje zan faɗe su da dala, kai ka juya da canjin ranar, ka ƙara kuɗin dako da na kwastan. Ma'aunin haɗin iska da fetur, irin na AEM ko Innovate, wajen dala 200. Famfon mai na Walbro 255 na asali wajen 100. Ƙwaƙwalwar Speeduino haɗaɗɗiya, wato birenbos mai sarrafa fetur da taimin, tsakanin 150 da 300. Intakula, mai sanyaya iskar da turbo ya turo, da bututunsa 120 zuwa 200. Kuloci mai ƙarfi daga 150 zuwa sama. Turbo na hannu, nozul, lagireto da ƙananan kaya ana samunsu a Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ka aika Ladipo a Legas. Gaba ɗaya, aikin da aka yi da hankali yakan tashi tsakanin dala 1,000 da 1,500.

Ware kashi ɗaya cikin biyar ka ɓoye, kada ka taɓa. Tiyo, kilif, noti, gasket da kuɗin mai walda ne za su cinye shi. Idan kuɗin ba su kai ba, a rage a kan kwalliya. Ba a ragewa a kan ma'aunin haɗi, famfon mai da ƙwaƙwalwa.

Kayan aiki: sifanoni da sokit na milimita, sifanar auna ɗauri, fitilar taimin, mita ta lantarki, filagejin auna tsaga, jak da sandunan tokare mota, laftof, da abin kashe gobara na hoda. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin tokara ba ne, fashewa yake yi ba sallama.

3. Gyara abin da zai ɗauki ƙarfin

Birki, taya, kuloci da sanyaya inji suna zuwa kafin turbo. Sa sabon takalmin birki, zubar da tsohon man birki ka zuba DOT 4. Duba lambobi huɗun da ke gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida a kan kwaltar Katsina ta bazara ba abin amincewa ba ce. Kulocin asali zai fara sulɓi da zarar ƙarfi ya ƙaru, don haka canza shi yanzu. Giyar hannu ta fi dacewa da wannan aiki, tsohuwar otomatik ba ta jurewa.

Sai batun da na san za mu yi gardama da kanikawa. Mayar da tamostat ɗin da aka cire. Al'adar cire shi da haɗa fanka kai tsaye tana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu yana sanyi ta dinga ƙara fetur, kai kuma duk saitin da za ka yi a kan ƙarya zai zauna. Sa lagireto mai kauri, na alminiyam idan da hali, ka zuba ruwan lagireto na kwalba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna tara gishiri da tsatsa a ciki. Canza bel ɗin taimin da famfon ruwa, domin a D16 idan bel ya tsinke fistin yana haɗuwa da bawul.

4. A buɗe inji, ko a bar shi?

Idan ya ci jarrabawar mataki na 1, bar shi a rufe. Kwanrod ɗin D16 siriri ne, amma yana ɗaukar psi 7 idan saiti ya yi kyau. Matsalarsa tana farawa ne idan an haura doki 200.

Idan dole a buɗe, kai bulo da tof silinda wurin masu rebo su auna, su goge, su daidaita fuska. Abin da ake yawan mantawa shi ne tsagar ringi. Turbo yana ƙara zafi, ringi yana ƙara tsawo, idan bakinsa biyu suka haɗu sai ya fasa kan fistin. A silinda mai faɗin milimita 75, bar wa ringin sama tsaga milimita 0.40 zuwa 0.45, na biyu ya ɗan fi haka. Sa kowane ringi cikin silindarsa ka auna, kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Masu neman ƙarfi da arha sukan sa fistin ɗin Suzuki Vitara mai injin G16, wanda shi ma 75 ne kuma yana rage matsi, tare da kwanrod mai ƙarfi. Wannan na mai son wuce psi 10 ne. Ɗaure tof silinda da sifanar auna ɗauri, daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa. Bayan haɗawa yi tafiyar kilomita 800 zuwa 1,000 a hankali kafin inji ya ga matsi.

5. Ƙwaƙwalwa da ma'aunin haɗi, tun babu turbo

Nan ne tsarina ya saɓa da na yawancin matasa. Su sukan ɗora turbo su tayar, sannan su fara neman mai saiti. Kai ka fara da ƙwaƙwalwa tun injin yana yadda Honda ta yi shi, domin kuskuren da ka yi a wannan lokacin ba ya fasa komai, kuma a nan za ka koyi karatun lambobi.

Hanya biyu ce. Ta farko, birenbos ɗin Honda na 1992 zuwa 1995, wato P28 ga inji mai VTEC ko P06 ga marar shi, a sa masa cif a saita da manhajar Crome, ko a sa masa Hondata S300 idan kuɗi sun kai. Motar 1996 zuwa 2000 tana buƙatar wayar da ke juya soket zuwa na tsohon tsari. Ta biyu, Speeduino, wadda aka gina a kan allon Arduino Mega, ana saita ta da TunerStudio a laftof. Ta fi buƙatar haƙuri da aikin waya, amma ita ce mafita ga mai Corolla ko Golf. Nemi mai rewaya da ya iya karanta zanen waya, ko ɗalibin lantarki daga kwalejin Hassan Usman, ku zauna tare. A haɗa waya da dalma a rufe da robar zafi. Murɗawa a naɗe da salatif ba ya kai damina.

Sa a walda wa salansa mazaunin ma'aunin haɗi. Saita taimin na tushe da fitila: digiri 16 ga D16Z6, 12 ga D16Y8. Yi ta yawo da motar har sai ma'auni yana nuna kusan 14.7 a silo da tafiyar sannu, wato kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na fetur.

Gargaɗi: akwai dabarar sa bawul a ɓoye wa birenbos matsi, a ƙara abin da ke matse layin fetur. Tana da arha, amma ba ta taɓa taimin ko kaɗan, kuma da fetur ɗinmu taimin shi ne rai. Na'urar jin matsi ta Honda tana karanta har wajen psi 10, ta ishe mu.

6. Fetur

Nozul ɗin asali cc 240 ne, ba zai ƙosar da inji a psi 7 ba. Nemi na 440 ko 450. Auna kowanne da mita: idan ya nuna om 12 ko kusa, haɗa shi kai tsaye, idan 2 zuwa 3 ne sai an sa masa resisto, in ba haka ba ya ƙona ƙwaƙwalwa. Na hannu a wanke su a gwada feshinsu su huɗun tare. Guda ɗaya mai rowa ya isa ya narkar da fistin ɗaya, alhali ma'auni yana nuna komai lafiya, tunda jimillar huɗun yake gani.

Sauke tanki ka wanke, za ka yi mamakin yashin da ke ciki. Sa sabon famfo da sabuwar matata. Jabun Walbro sun cika kasuwa, wanda ya zo da arha fiye da kima ka bar shi. Cire batir kafin ka buɗe layin mai, a fili, nesa da murhu da janareto. Faɗa wa ƙwaƙwalwa girman sabon nozul kafin ka murɗa makulli, in ba haka ba fetur zai cika silinda ya wanke baƙin man da ke bangonta.

7. Zaɓen turbo

Ƙarami ka nema. TD04 na Subaru, Volvo ko Saab, ko T25, ko K03 na Passat da Audi 1.8T. Waɗannan suna fara turawa da wuri, abin da ake buƙata a tafiyar cikin gari. Babban turbo a kan 1.6 ba ya farkawa sai juyi ya yi nisa, sannan ya zo gaba ɗaya. Ka guji turbon dizal mai fukafukai masu motsi a ciki, hayaƙin fetur ya fi ƙarfinsa zafi.

A gaban mai shago ka gwada. Kama sandar tsakiya ka girgiza: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin fanka ba ta taɓa bango, amma motsi ciki da waje ya zama kusan babu. Duba haƙoran fanka ko sun karye, duba tsagewa a bakin ƙofar rage hayaƙi, wadda ke buɗewa don kada matsi ya wuce kima. Hura iska cikin gwangwanin da ke buɗe wannan ƙofa da famfon keke mai geji, ka ga a psi nawa sandarsa ke fara motsi. Idan ya wuce 7, a canza gwangwanin, domin ba yadda za ka sauko ƙasa da ƙarfin sifirin ɗinsa. Sayi turbo kafin manifol, wato bututun da ke kai hayaƙi daga inji zuwa turbo, don bakin turbo ba iri ɗaya ba ne.

8. Manifol da salansa

A D16 hayaƙi ta gaba yake fita, turbo zai zauna tsakanin inji da lagireto, daf da kwamfuresan esi. Auna wurin da kyau kafin a yanka ƙarfe. Manifol da yawa na kasuwa sai an cire esi suke shiga, kuma mutumin Katsina ya san me ake nufi da mota ba esi a watan Mayu. Siririyar fanka a bayan lagireto tana ƙara wuri.

Ko ka sayi na zubi, ko mai walda ya haɗa maka da gwiwoyin bututun ƙarfe mai kauri, farantin da ke manne da inji ya kai milimita 10 zuwa 12. Bayan walda farantin yakan lanƙwashe, a kai a goge fuskarsa. A kakkaɓe duk ɓurɓushin walda na ciki, ƙwaya ɗaya ta isa ta ci fanka. A yi wa turbo madogari zuwa bulo don kada nauyinsa ya tsaga manifol a kan ramukan hanya.

Gargaɗi: kada a yi amfani da bututun ruwa mai farin shafe. Hayaƙinsa a lokacin walda guba ne ga mai aikin, kuma ba ya jure zafi.

Salansa ta zama inci 2.5, da gaɓa mai lanƙwasa a ƙasa. Mayar da ma'aunin haɗi wajen santimita 45 bayan turbo, bakinsa da ke cikin salansa yana kallon ƙasa-ƙasa don kada ruwa ya kwanta masa.

9. Layin baƙin mai

Yawancin turbon da ake cewa "ba shi da kyau, yana hayaƙi" layin dawowa ne ya kashe su. Mai yana shiga da ƙarfin famfo, amma da nauyinsa kawai yake fita. Juya tsakiyar turbo har mashiga ta kalli sama, mafita ta kalli ƙasa, karkatar kada ta wuce digiri 15. Tiyon dawowa ya zama mai faɗin milimita 16 a ciki, mai jure mai da zafi, ya gangara ba lanƙwasa ba kwari, ya shiga tiren ƙasan inji sama da inda mai ke tsayawa. Cire tiren kafin a huda shi, a walda, a wanke tas. Huda shi a jikin mota yana zuba garin ƙarfe cikin inji.

Layin shiga daga bayan bulo ake ɗaukarsa, inda na'urar fitilar baƙin mai take. Yi amfani da tiyo mai saƙar ƙarfe. Kada ka rataya tagullar rabawa mai nauyi a jikin bulo, girgiza tana karya ta. Ɗaure ta a jikin mota ka haɗa da gajeren tiyo.

10. Intakula da hanyar iska

A zafinmu intakula dole ne ko a psi 5. Na tsohuwar motar dizal yana yi, idan an wanke man da ke ciki an bar shi ya bushe sarai. Bututu inci 2 zuwa 2.25, kowane baki a yi masa tudu don kada tiyo ya zame, a ɗaure da kilif mai noti. Sa bawul ɗin sakin iska kusa da totur. Tiyon numfashin da ke fitowa daga murfin inji a mayar da shi gaban turbo ko cikin gwangwanin tara mai, don kada matsi ya koma cikin inji ya fasa sil.

Matatar iska ta takarda ka sa, nesa da manifol. Ragar kwalliya mai siffar mazurari ba ta tare ƙurar hunturu, ƙurar kuma tana cin fankar turbo da ringi. Kafin ka tayar, toshe bakin turbo, hura psi 10, ka fesa ruwan sabulu a kowace gaɓa. Inda ya yi kumfa a ƙara ɗauri.

11. Tayarwa da saiti

Sa fulogi NGK BKR7E, tsaga milimita 0.7. Zuba ɗan baƙin mai a mashigar turbo ka juya fanka da yatsa. Cire fis ɗin famfon mai ka yi ta kunnawa har sai baƙin mai ya fito ta layin dawowa, sannan ka tayar. Bar ta a silo minti 15 kana duba yoyo, abin kashe gobara a hannun wani.

A teburin ƙwaƙwalwa, cika ɓangaren matsi da fetur fiye da yadda kake zato, ka janye taimin digiri ɗaya a kan kowane psi. Sa ta yanke fetur idan matsi ya kai psi 9. Yi abin sauraro: ɗan bututun jan ƙarfe a daddale bakinsa a ɗaure a bulo, a haɗa da tiyo zuwa kunne. Ƙarar da kake tsoro kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani take. Ka ji ta, ɗaga ƙafa nan take, janye digiri 2 a wurin.

Mutum biyu ake yi, ɗaya tuƙi, ɗaya laftof da sauraro. Da rana, a miƙaƙƙiyar hanyar da ka sani a bayan gari, ba ranar kasuwar ƙauyen da ke kan hanyar ba, kana lura da shanu da 'yan acaɓa. Cikin gari da Ring Road ba wurin gwaji ba ne, rayukan mutane ne a kai. A giya ta uku, daga juyi 2,500, taka har matsi ya kai psi 2 ko 3 ka saki. Duba abin da laftof ya naɗa, gyara, sake. Abin nema a ma'aunin haɗi a ƙarƙashin matsi 11.5 zuwa 11.8 ne. Ka ga 13, fetur ya yi kaɗan, saki totur, kada ka ce bari in ga ƙarshen giyar. Ƙara juyi 500 a kowane zagaye har ka kai sama.

Saitin da aka yi da sanyin safiyar Janairu ba shi ne na azahar ɗin Afrilu ba. Sake gwadawa da tsakar rana, esi a kunne, kuma ka sa ƙwaƙwalwa ta dinga janye taimin da kanta idan iskar shiga ta haura digiri 50. Bayan an gama cire fulogi ka duba farin kansu. Ɗigo-ɗigo baƙi ko ƙyalli-ƙyallin alminiyam alama ce inji yana ƙara ko da kunnenka bai kama ba.

12. Riƙon yau da kullum

Baƙin mai na galan rufaffe, 5W-40 ko 10W-40, a canza duk kilomita 3,000 zuwa 4,000 tare da matata. Na durom da ake aunawa a bakin titi ba na wannan injin ba ne. Fetur daga gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su. Idan wahalar mai ta tilasta maka sayen na 'yan bumburutu, yi tafiya a hankali ba tare da shiga matsi ba har tankin ya ƙare. Bayan doguwar tafiya, kamar daga Kano ko Daura, bar motar a silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don kada mai ya ƙone a cikin turbo. Bayan makon farko sake ɗaure notunan manifol da kilif. Lokacin hunturu duba matatar iska duk sati.

Idan ka canza inji gaba ɗaya, ajiye rasit, ka je ofishin lasisi a gyara lambar inji a takardun mota kafin ka fara fita da ita.